HANNU DA DANGINSA

 Yau ina roƙon arziki mu ɗan jingine labaran masoya da na kishiyoyi, mu tattauna a kan wata kalma guda ɗaya tak, wadda da wuya ka buɗe shafin littafin Hausa ba ka ci karo da ita ba. Kalmar kuwa ita ce hannu.

Tambayar da na daɗe ina juyawa a raina ita ce, shin akwai wata kalma a Hausa da za a cire hannu a sa ta a gurbinsa, magana ta zauna daidai? Kuɗi dai muna ce musu sulalla, muna ce musu masu gidan rana. Ciki muna ce masa tumbi. Amma kai mai karatu gwada ka gani, ka ce za ka sake wa hannu suna. Wanda duk ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934, mai ɗauke da kalmomi kimanin 39,000, ko na Abraham na 1949, ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, abin da zai tarar a wajen hannu shi ne sassa da salon magana iri-iri. Ni abin da na fahimta shi ne, Bahaushe bai yi wa hannu kishiya ba, dangi ya tara masa. Kowanne daga cikin dangin nan yana kiran hannu ne ta wata fuska: wani ta wurin da yake, wani ta aikin da yake yi, wani kuma ta halin da ya samu kansa. To dangin nan ne nake jin tsoron muna binnewa ɗaya bayan ɗaya, musamman mu da muke riƙe da alƙalami.

Bari mu faro daga jiki. A wajen Bahaushe, tun daga kafaɗa har bakin farce duk hannu ne. Bature ya raba shi gida biyu, kowanne da sunansa, mu kuwa kalma ɗaya ta ɗauke duka. Saboda faɗin nan da kalmar take da shi ne ya sa dole aka samu 'yan ƙananan sunaye a ƙarƙashinta. Akwai damtse, inda ƙwanji yake, shi ya sa idan aiki ya taso ake cewa a zage damtse, idan kuma rigima ce a ce za a gwada ƙwanji. Akwai gwiwar hannu, akwai sangalin hannu, sai tsintsiyar hannu, wadda wasu ke kira wuyan hannu, inda mata ke sa awarwaro maza ke ɗaura agogo. Sai tafi, sai bayan hannu, sai yatsu: babban yatsa, manuni wanda ake kuma ce wa ɗan ali, na tsakiya, har zuwa ƙarami. Idan Allah ya ƙara wa mutum na shida, shi ma bai rasa suna ba, cindo ke nan, har ma sunan yakan bi mai shi ya zama da shi ake kiransa.

Kada wani ya ɗauka wannan rabe-raben ƙawa ce kawai. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san ibada ma ta rataya a kansa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wanke hannaye zuwa tsintsiya a farkon alwala sunna ne, wanke su har da gwiwar hannu kuwa farilla ne. A taimama kuma sai abin ya juya, shafa zuwa tsintsiya shi ne farilla, ƙarasawa zuwa gwiwa sunna. Ka ga ke nan da malam zai ce wa almajiri "wanke hannu" ya yi shiru, da bai koya masa komai ba. Dole sai ya kira tsintsiya da sunanta, ya kira gwiwa da sunanta.

Haka nan ko a wajen karin harshe akwai abin lura. Jam'in hannu wasu su ce hannaye, wasu su ce hannuwa, duka kuma daidai ne. A wajen mutanen Sakkwato da maƙwabtansu, farce shi ne yatsa, abin da Bakano ke yankewa ranar Juma'a kuwa akaifa ce, wasu kuma su ce ƙumba. Don haka idan Basakkwace ya ce wuƙa ta yanke masa farce, kada Bakano ya yi dariya ya ce ai zai sake tsirowa.

Yanzu mu zo kan dangin da suka fi ba ni tausayi, wato sunayen awo. Kafin zuwan tef da sikeli, hannun mutum shi ne ma'auninsa. Taƙi shi ne tazarar da ke tsakanin babban yatsa da na tsakiya idan an ware su, kusan inci 9. Kamu shi ne daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya, kusan inci 18, wato rabin yadi, malamai kuma su ce zira'i, daga Larabci. Gaba kuwa shi ne idan mutum ya ware hannayensa biyu iya ƙarfinsa, daga wannan yatsa zuwa wancan, kusan ƙafa 6. Da gaba ake auna igiyar guga da zurfin rijiya, shi ya sa ake yi wa mai zurfin ilimi kirari da rijiya gaba dubu. Hatsi kuma ana ɗibarsa tafi-tafi ko damƙi-damƙi. Hatta mudun Annabi (SAW) da ake fitar da zakkar kono da shi, mudu 4 ga kowane mutum, asalinsa cikin tafuka biyu ne na matsakaicin mutum, ba a damƙe ba, ba a kuma baje ba.

Kakata ta wajen uba, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta yarda da yadi ba. Idan na raka ta kasuwa sayen ƙyalle, mai kanti ya gama awonsa da sandar ƙarfe ya yanka, sai ta karɓa ta sake bin sa da nata hannun, tana ƙirgawa a hankali, daga gwiwa zuwa yatsa. Wata rana na ce mata, "Iya, ai an riga an auna, kina sa mutane suna kallonmu." Ta harare ni ta ce, "Kai dai Maigida ba ka da wayo. Sandarsa ce, shi ya san inda ya samo ta. Wannan kuwa tare aka haife mu." Ita ce kuma ta taɓa gaya mini cewa a zamanin ƙuruciyarsu, idan za a aika sayen fari ko saƙi, akan nemi dogon mutum ne a gida a tura, domin kamunsa ya fi na gajere, masu sayarwa kuma sun san da haka, shi ya sa tun kafin a fara ciniki ake daidaitawa a kan da hannun wa za a auna.

Ba ina cewa a jefar da tef a koma kamu ba ne. Adalcin da ke cikin awon da bai san dogo ba bai san gajere ba, ba ƙarami ba ne, ya kashe rigingimu da yawa a kasuwa. Abin da ke damuna shi ne kalmomin da ke bin awon zuwa kabari. Kwanakin baya na tambayi yaran gidanmu, su bakwai, daga ɗan firamare har mai shirin shiga jami'a, ko wa ya san taƙi. Babu ko ɗaya. Kamu kuwa duk sun sani, amma na biki, wanda ake yi wa amarya. Da na ce gaba, sai ƙaramarsu ta ce ai gaba ita ce idan an daina yi wa mutum magana. Dariya muka yi gaba ɗaya, amma ni tawa ba ta kai ciki ba. Yaron da bai san gaba ba, idan ya ji an ce rijiya gaba dubu, sauti kawai zai ji, ba zai ga mutum tsaye yana ware hannaye sau dubu igiya ba ta ƙare ba.

Sai kuma dama da hagu. Nan ma sunaye ne na hannu, amma kowa ya san ba matsayinsu ɗaya ba. Da dama ake cin abinci, da ita ake gaisawa, da ita ake bayarwa a karɓa. Amintaccen mutum shi ne na hannun dama. Hagu kuwa, ko hagun, an bar mata aikin tsarki da ɗaukar takalmi. Tana da wani tsohon suna, hauni, wanda kuma shi ne sunan mai zartar da hukuncin kisa a fadar sarakunan da. Dubi yadda kalma guda ta haɗa hannun da ba a gaisawa da shi da mutumin da ba wanda ke fatan haɗuwa da shi. Yaro bahago kuwa ya sha duka a bakin akushi kafin ya saba. Amma abin mamaki, da zarar an shiga filin dambe sai labari ya sha bamban, domin a can bahago abin tsoro ne, naushinsa yakan fito ta inda ba a zata ba, har 'yan dambe suna tinƙaho da laƙabin. Ashe hannun da ake hantara a gida shi ake yi wa kiɗa a dandali.

Hatta hanyar mota da hannu muke kiranta. Manyanmu suna tuna canjin hannu da aka yi a Nijeriya ranar 2 ga Afrilu, 1972, lokacin da motoci suka bar hagu suka koma dama. Kafin nan, direban da ya taso daga Katsina zai je Maraɗi sai ya sake hannu idan ya tsallaka iyaka, domin mutanen Nijar tun asali dama suke bi. Har gobe kuma idan direba ya shiga inda ba nasa ba, za ka ji ana yi masa ihu, "Malam, ba hannunka ba ne!"

Akwai kuma dangin da ba a kiran mutum da su. Na zaki da na kyanwa dagi ne, kalmar da muka fi sani yanzu a dagin Arewa da ake zanawa a bangon fada da gaban riga. Na doki kofato ne. Giwa ce dai aka girmama, aka ce da dogon hancin nan nata hannun giwa, tunda da shi take ɗauka ta kai baka. A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya yi tunani, domin kusancin ma'ana ba ya nufin kalmomi sun zama ɗaya a wajen wanda aka jefa da su.

Ina da wani kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda injin niƙa ya cinye masa hannun dama yana saurayi, aka yanke daga ƙasan gwiwa. A Hausa abin da ya rage ana ce masa dungu, ko dungulmi. Kalma ce ta gaskiya, ba ƙage a cikinta. Amma ban taɓa jin ta a bakinsa ba, ban kuma taɓa jin ta a bakin mahaifiyata ba. Kullum sai ya ce "hannuna". Idan sanyi ya shigo ya ce hannunsa na ciwo. Idan ya ɗora buhu a kafaɗa ya tokare da shi, ya ce hannunsa ya gaji. Akwai wani mai shago a unguwarsu da ya mayar da "Mai dungu" sunansa, yana ƙwala masa kira da shi a gaban mutane, wai shi wasa. Kawu bai taɓa tanka masa ba, sai dai ya ɗauke ƙafa daga shagon, ya riƙa zagayawa har bakin titi don sayen sabulu, shekara da shekaru. Ina yaro na taɓa tambayarsa, "Kawu, me ya sa ba ka saye a nan kusa?" Ya ce, "Ɗana, wanda ya kira ka da abin da ka rasa, bai ga abin da ya rage maka ba." Da hagunsa da ragowar damansa ya yi noma, ya yi kiwo, ya aurar da 'ya'ya biyar. Tun daga kansa na san cewa a cikin kalmomi biyu masu nuni ga abu guda, zaɓen da mutum ya yi yana fallasa halinsa fiye da yadda yake bayyana abin da yake magana a kai.

Idan muka bar sunaye muka koma aikatau, nan ne arzikin yake jibge. Hannu ɗaya ne, amma yakan dafa, ya shafa, ya tallafa, ya damƙa, ya cafka, ya laluba, ya lakata, ya dumbuza, ya mintsina, ya yafito. Idan ɓacin rai ne kuma, kowane duka da siffar da hannu ke ɗauka kafin ya sauka. Mari da buɗaɗɗen tafi ne a kunci. Naushi da ƙulli na dunƙulallen hannu ne. Ranƙwashi da gaɓoɓin yatsu ne a tsakar ka. Dunguri da ɗan yatsa ne a goshi, talle kuma ƙeya yake nema. Dunƙulallen hannun nan da ke naushi, idan aka ɗaga shi sama a gaban sarki ya zama jinjina. Tafin da ke mari, idan ya haɗu da ɗan uwansa ya zama tafi na murna, idan aka ware yatsunsa biyar aka nuna wa mutum kuwa ya zama daƙuwa, sai a kai ruwa rana.

Wasu kalmomin ma sun bar hannu sun shiga ofis har mun manta daga ina suka fito. Tallafi asalinsa sa tafi ne a ƙarƙashin abu don kada ya faɗi, kamar yadda ake tallafe kan jariri. Yau da an ce tallafi, tunanin kowa sai ya tafi kan na man fetur da aka cire a 2023. Shugaban wucin gadi muna ce masa na riƙon ƙwarya, wato an ba shi ya riƙe ne kafin mai ita ya dawo. Yarjejeniya sai an sa mata hannu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala, ranar zaɓe kuwa malami da jahili duk dangwalawa suke yi. Mai kuɗi shi ne mai hannu da shuni, maganar da ta samo tushe daga zamanin da rini ke cikin manyan sana'o'in ƙasar Hausa. Wanda ya je marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ya ga hannayen marina, zai fahimci maganar ba sai an yi masa bayani ba. Marowaci kuwa hannun jarirai gare shi, kullum a dunƙule. Talaka yana hannu baka hannu ƙwarya. Wanda ya je nema bai samo ba ya dawo hannu Rabbana. Aminan da suka ɓata sun yi hannun riga, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma.

To 'yan uwana marubuta, ga inda na nufa. Sau da yawa ina karanta littafi mai daɗin labari, amma daga farko har ƙarshe hannu ɗaya ne ke yawo a ciki: ya kama hannunta, ta janye hannunta, ya ɗaga hannu, ta sa hannu ta share hawaye. Alhali wurin da aka kama shi ne labarin. Uwar da ta riƙe tsintsiyar hannun ɗiyarta a bakin mota ranar kai amarya, ba ta son saki ne. Mijin da ya damƙi damtsen matarsa, faɗa ne ya zo, ko bai buɗe baki ba. Tsohuwar da ta dafa kafaɗar jikanta ta miƙe, ta gaya mana shekarunta. Yarinyar da ke wasa da yatsunta a gaban baƙo, kunya ce ta rufe ta, ba sai marubuci ya ce "cikin jin kunya" ba. Amaryar da aka zura wa hannu cikin zunguru ta kwana da lalle, ta gaya mana zamanin da labarin ya faru ba tare da an rubuta shekara ba. Kalmar da ta dace takan ɗauke wa marubuci aikin layi uku.

Na san wani zai ce ai masu karatun yanzu ba su san waɗannan kalmomi ba, idan an sa su za a gundure su. Ni kuwa sai in ce, to a ina za su san su? Kakannin da muka ji su a bakinsu sun ƙare, ko suna ƙarewa. Masaƙa da marina da masu haƙar rijiya sun ragu. Yaro yanzu yakan wuni babban yatsansa kaɗai ke aiki a kan gilashin waya. Idan littafi ma ya guje su, shi ke nan sai ƙamus, ƙamus kuwa ba kowa ke buɗe shi ba. Mai karatu ba wawa ba ne, idan ka ce tela ya auna wuyan riga da taƙi biyu, ko bai taɓa jin kalmar ba zai gane awo ake yi, gobe kuma ta zama tasa. Abin da kawai za a kiyaye shi ne kada a cusa kalma don burga. A sa ta inda aikinta yake, a bakin wanda ya dace ya faɗe ta.

Shawarata ga kowa, marubuci da mai karatu, ita ce wanda Allah ya bar masa tsoho ko tsohuwa a gida ya samu lokaci ya zauna kusa da su, ya miƙa musu hannunsa, ya ce su kira masa sunan kowane wuri da kowane motsi kamar yadda ake faɗa a garinsu. Na tabbata Bazazzagi zai zo da abin da Bagobiri bai sani ba, mutumin Damagaram ya zo da abin da Bahaɗeje bai taɓa ji ba. A rubuta, a adana, a kuma yi aiki da su cikin labari. Aiki ne da ya fi ƙarfin mutum guda, Hausawa kuwa sun riga sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka bar mana wannan harshe, ya ba mu ikon miƙa shi ga na baya ba tare da mun rage mudu ba. Wassalamu alaikum.